Alkawarin Baka da Alkawarin Takarda Game da Karatun Yara Masu Lalura

Kowane ɗan kasuwa da ya taɓa ba da hatsi bashi a kasuwar Sheme ko ta Yankara ya san bambancin bashin da aka rubuta da wanda aka bari a baka. Na farko yana da ranar biya, yana da shaidu. Na biyu kuwa a rataye yake bisa tsawon ran mai karɓa da kyawun halinsa, ran da ya mutu ko ya ƙaura, shi ke nan, sai a bar wa Allah. Malamai kuma sun sani ayar da ta fi kowace aya tsawo cikin Alƙur'ani, wadda ke kusa da ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To, akwai wani bashi da jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke bin hukuma, wanda har yanzu galibinsa a baka yake, watau karatun yaran da Allah ya jarraba da wata lalura, makafi da kurame da guragu da masu farfaɗiya, da waɗanda fahimtarsu ke da nauyi.

Ga yadda abin yakan kasance. A ƙaddara wani mai sayar da masara yana da ɗa ɗan shekara bakwai, wanda sanƙarau ya kama yana ƙarami, ya tashi amma jinsa ya ragu ƙwarai. Uban ya riƙe hannunsa zuwa makarantar firamare, ya gaisa da hedimasta, ya bayyana masa halin yaron. Hedimasta mutumin kirki ne, ya ce, "Ba komai Alhaji, a bar shi, za a lura da shi." Ya kuwa cika alkawari, ya zaunar da yaron a gaba, ya ja kunnen malamin aji. Bayan shekara guda aka yi wa hedimasta canjin wurin aiki, malamin aji ma aka sake shi. Sabon malami ya tarad da aji cike maƙil, ya ga wani yaro ana kira ba ya amsawa, ya ɗauka taurin kai ne, ya kora shi baya. Kafin damina ta zagayo yaron ya daina zuwa, ba kuwa wanda ya zo gida tambayar dalili. Babu azzalumi ko ɗaya cikin wannan labari. Abin da aka rasa kawai takarda ce wadda za ta zauna a makaranta bayan tafiyar wanda ya yi alkawari.

Irin wannan takarda ita ce masana tarbiyya ke kira tsarin karatu na yaro shi kaɗai. Ana rubuta lalurarsa bisa shaidar likita, da abin da ya iya yanzu, da inda ake so ya kai nan da ƙarshen zango ko ƙarshen shekara, da abin da makaranta za ta yi masa, da sunan wanda aka ɗora wa yin kowane abu, da ranar da za a sake zama a duba. Uba ko uwa su sa hannu, hedimasta ya sa hannu ya buga hatimi.

Wanda ya tashi a makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba ne, gama asalinsa yana nan a zauren kowane malami. Almajirai talatin suna zaune wuri guda, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kai izu goma. Malam ba ya yi wa yaro ƙari sai ya biya wanda ke hannunsa ya zauna daram, kuma ba a cewa wane ya wanke allo don wane ya wanke. Ajin boko shi ne ke tafiya ayari guda, wanda ya gaji a bar shi a hanya. Saboda haka abin da Turawa suka zo suka rubuta cikin dokokinsu, a ba kowane yaro gwargwadon abin da zai iya ɗauka, malaman allo sun daɗe suna yinsa. Sai dai nasu a ka yake. Ran da malam ya rasu, ko iyaye suka yi gudun hijira da yaro zuwa Funtuwa, duk abin da aka sani game da yaron ya tafi tare da wanda ya sani.

Makaho dai bai taɓa zama bare a fagen karatun Muhammadiyya ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kan sha'aninsa, ladani ne a Madina, kuma an sha barinsa ya ja wa mutane salla in an fita yaƙi. Imam Shaɗibi, mutumin Andalus wanda ya rasu a Alƙahira cikin shekara ta 590 bayan hijira, makaho ne, shi ne kuwa ya tsara ƙira'o'i bakwai cikin baiti 1173 da har yau masu ido ke wahalar haddacewa. A nan kusa ma, Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, bai ga farar takarda ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Karatun da ake ɗauka da kunne ya yi wa makaho daidai.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Wannan hanya da ta ɗaukaka makaho ita ce ta bar kurma a bakin ƙofa. Karatun da ginshiƙinsa biyawa ne da maimaitawa, yaya wanda ba ya ji zai shiga cikinsa? Bulala nawa ta sauka a bayan yaron da laifinsa kawai shi ne bai ji abin da aka biya masa ba? Yaro nawa aka yi wa laƙabi da daƙiƙi ko dolo, alhali idonsa ne ba ya rarrabe wasali da ɗigo? Haka nan mai farfaɗiya, in ta kayar da shi sai yara su watse don tsoron miyau, ko da yake likitoci sun tabbatar ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki, kuma akwai ƙwayoyin da ke riƙe ta ga mafi yawan masu ita in ana sha kullum. Kurame kuwa suna da harshensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta nazarta, ta buga littafi a kanta cikin shekarar 2000. Harshe ne cikakke da ake ciniki da shi, ake ba da labari, ake faɗa, ake sulhu. Wanda ake iya yin ciniki da shi ana iya karantar da shi.

A wasu ƙasashe takardar nan ta zama hakki da ake kai ƙara a kansa. A Amurka tun dokar 1975 wajibi ne makarantar gwamnati ta rubuta wa kowane yaro mai lalura tsarinsa, a zauna da iyaye a duba shi kowace shekara. A Ingila dokar 1981 ta kawo irin wannan, sa'an nan ta 2014 ta haɗa karatu da lafiya da kulawa cikin takarda guda, ta yanke wa hukumar gunduma mako 20 daga ranar roƙo zuwa ranar ba da takarda, tana kuma iya bin yaro har ya shekara 25. In hukuma ta ƙi, akwai kotun da ke sauraron iyaye. Can ma fa iyaye na kuka da jinkiri, kada mai karatu ya zaci aljanna ce. Bambancin dai shi ne suna da wa'adin da za su nuna da yatsa.

A Nijeriya kuwa ga abin da ke rubuce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3 kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ba ta cire kowa ba. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, daga ciki kuma ana keɓe kashi 2 cikin 100 domin yara masu buƙata ta musamman, ana bi da su ta hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, waɗanda ake kira SUBEB. A 2015 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa ta musamman a kan karatun irin waɗannan yara. Sa'an nan cikin watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa. Ita ce ta ce mai naƙasa yana da hakkin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta karɓe shi, ta kasance da aƙalla ma'aikaci guda da aka horar domin kula da irinsa, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin abin da ake koyarwa. Wanda ya nuna wariya ana iya cinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa naira 1,000,000. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shigar keken guragu, wa'adin ya cika a Janairu 2024. Hukumar da ke tsaron wannan doka an kafa ta a Abuja a 2020.

Dokar ta ba da hakki, amma ba ta yanka ranar da za a miƙa wa uba takardar ɗansa ba, kamar yadda ta Ingila ta yi. Wannan shi ne giɓin. Ma'anarsa, a Sabuwa ko a Faskari ba wanda zai zo ya yi sallama ya kawo takardar har gida. Uban yaro shi ne zai haɗa ta da ƙafarsa, guntu guntu, kamar mai haɗa kuɗin sari.

Guntu na farko shaidar likita ce, gama hukuma ba ta aiki da "ai kowa ya san kurma ne". A fara da babban asibitin da ya fi kusa, na Ƙanƙara ko na Malumfashi ko na Funtuwa, a roƙi likita ya rubuta abin da ya gani, in abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa ya ba da takardar tura mara lafiya gaba. Awon ji na sosai ana samunsa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, awon ido a Asibitin Ido na Ƙasa can Kaduna, ga kuma asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya da na Tarayya a birnin Katsina. Tafiya ce mai cin kuɗin mota da na masauki, ba a musun wannan. Amma sau da yawa awon kan nuna abin ya fi sauƙi bisa yadda aka zata. Yaron da aka yanke wa hukuncin makanta wani lokaci tabarau kawai yake bukata, ko a cire masa yanar ido. Wanda aka ce kurma ne wani lokaci ruwan kunne ne da aka bari ya daɗe, ko kuwa yana da sauran ji da na'urar kunne za ta ƙarfafa. Ban da wannan, dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar naƙasa daga hukumar Abuja, likita ma yana iya ba da ta wucin gadi da yardar hukumar, wadda ba ta wuce kwana 180.

Guntu na biyu a makaranta yake. Kada uba ya tafi shi kaɗai. Kowace firamare ana so ta kasance da kwamitin jama'ar gari masu sa ido a kanta, wanda mai unguwa ko dagaci da liman da wakilan mata sukan zauna cikinsa. A tafi da mutum guda daga cikinsu, ya zama shaida. A miƙa roƙo a rubuce, kofi biyu, a sa hedimasta ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda uba zai riƙe. In hedimasta ya ce abin ya fi ƙarfinsa, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kada a yi fushi da shi. A ɗauki kofin nan zuwa ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, shi ne ke da ikon tura malami ko ya kai maganar Katsina. Ma'aikacin gwamnati yana iya manta fuska, amma takarda mai hatimi da ta shiga fayil takan dame shi.

Wajen rubuta tsarin kansa ne ake yin kuskure mafi yawa, domin akan cika shi da kalmomi masu daɗi marasa awo. "Za a kula da shi" ba alkawari ba ne, kamar mai saye ne ya ce zai biya in Allah ya hore. Ɗan kasuwa ya san ba a ciniki sai da mudu. A rubuta cewa yaro zai zauna a layin gaba, ɓangaren da kunnensa mai sauran ji ke fuskantar malami. A rubuta cewa malami ba zai yi bayani yana fuskantar allo ba, domin yaron bakinsa yake karantawa. Gurgu a ce ajinsa ya kasance wanda ba shi da matakala, a kuma faɗi yadda zai kai bayan gida, gama wannan ƙaramin abu ya fi komai korar 'yan mata masu lalura daga makaranta, kunya kuwa ba ta barinsu su faɗa. Mai farfaɗiya a rubuta sunan maganinsa da lokacin sha, da abin da za a yi in ta tashi, watau a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Mai nauyin fahimta a yanka masa abin da zai cim ma a zango guda, ko da haruffa biyar ne da ƙidaya zuwa ashirin da sanin canjin kuɗi, a kuma ƙara masa lokaci ranar jarrabawa. Yawancin waɗannan ba su cin ko kwabo.

Akwai yaran da ajin gari ba zai wadatar da su ba, musamman wanda ba ya ji sam ko ba ya gani sam. Irin waɗannan makarantu sun daɗe a ƙasar nan, tun ta makafi da aka buɗe a Gindiri a 1953. Jihar Katsina tana da makarantar kurame a Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, da ta makafi a birnin Katsina, a Kano kuma akwai ta Tudun Maliki. Can ne makaho ke koyon rubutun nan na ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, wanda wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙago, wanda kuma yanzu ake buga Alƙur'ani da shi. Mai ƙoƙari yana iya wucewa har jami'a, gama tun 2017 hukumar JAMB ta keɓe wa makafi tsarin jarrabawarsu. Malaman wannan fanni ana horar da su a kwalejin Oyo da aka kafa a 1977, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero. Da ɗaya daga cikin attajiran yankin nan zai ɗauki nauyin ɗan gari guda ya je ya karanto maganar hannu bisa sharaɗin ya dawo gida ya koyar, da ya yi abin da ya fi rabon atamfa ranar salla amfani.

Sai dai ba a maganar tura yaro makarantar nesa a wannan yanki ba tare da an ambaci daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, aka sako 344 bayan kwana shida. Tun daga ranar, uwar da aka ce ta ba da ɗanta makarantar kwana sai ta yi dogon tunani, balle ɗan da ba ya jin harbi ko ba ya iya gudu. Ba wanda ya isa ya zarge ta. A watan Satumba 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku. Ƙauyuka sun tashi, makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, malamai sun guji zuwa wasu wurare. A irin wannan hali yaro mai lalura shi ne na farkon fita daga rajista, shi ne na ƙarshen komawa. Don haka tsarin da aka rubuta a Faskari ko Sabuwa yana bukatar layi guda wanda na Ingila ba ya bukata: in aka ji ƙarar babura aka watse, wane ne zai kama hannun wannan yaro, kuma ina za a kai shi?

Abin da ke jawo lalurorin nan ma ba ɓoyayye ba ne. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tsira kuwa da yawa ta bar su da kurumta. Ƙyanda tana makantar da yaron da abincinsa bai isa ba. Shawarar jarirai in aka yi sakaci da ita a makon farko takan taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Shan inna kuwa, wadda ta cika tashoshin mota da guragu, an tabbatar da kawar da nau'inta na asali a nahiyar Afirka a watan Agusta 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da jama'a, wasunsu yanzu ne suke shekarun karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gane kurumtarsa yana shekara biyu aka fara masa maganar hannu ya yi wa wanda aka gane yana shekara tara nisa mai wuyar kamowa. Alamar da uwa za ta lura da ita ba ta bukatar likita: jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ɗan shekara biyu da bai fara kiran kowa ba, wanda ba ya bin fitila da ido.

A nan malamin allo yake da matsayin da babu mai shi, gama shi ne baƙo na farko da ke zama da yaro awa da awa, tun kafin boko ta gan shi. Shi zai fara lura wane yana kai allo har hanci, wane kuma sai ya kalli bakin mai biyawa. Maganarsa kuma tana da nauyi a wurin uban da ke jin kunyar a ce ɗansa yana da lalura, ko wanda ya riga ya yanke cewa abincin yaron a ƙoƙon bara yake. Sarkin makafi da sarkin guragu na gari su ma a nemi shawararsu, sun san kowane gida da ke da irin yaran nan fiye da kowane ofishi. Ba kuma abin da ya hana malam ya rubuta nasa bayanin da ajami a gefen takarda, ya ce yaro ya kai sura kaza, da kunne yake ɗauka, da safe ya fi natsuwa, tsawa na rikita shi.

Makarantun boko sukan buɗe sabuwar shekara a watan Satumba, daidai lokacin da hankalin kowa ke gona kuma aljihu bai cika ba. Mai niyya gara ya yi tafiyar asibiti tun da rani, bayan an sayar da amfani, domin ranar buɗewa ta same shi da shaidar likita a hannu. Takardar in ta kammala a yi mata kofi uku, ɗaya a makaranta, ɗaya a ofishin Sakataren Ilimi, ɗaya a naɗe cikin leda a sa a gafaka tare da takardun gona, inda hannu zai kai gare ta da sauri in tashi ya kama cikin dare. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauke ta, ya aika wa wani ɗan'uwa da ke zaune a Funtuwa ko Zariya ya ajiye.